Ruwan Eldaberi Ba Ya Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

A watan Agusta, ana tsakiyar marka-marka, na je asibiti dubiyar jikan ƙanwata. Yaro ɗan shekara uku, an ɗaura masa ledar jini, tafin hannunsa fari fat. Kwana huɗu ya yi a gida jikinsa kamar garwashi, sai da ya fara jijjiga da asuba sannan aka kwashe shi a guje. Na tambayi uwar abin da take ba shi duk kwanakin nan. Ta zuge jaka ta fito da wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa, da hoton 'ya'yan itace a jikinta.

"Kawu, wallahi ba sakaci na yi ba," in ji ta tana hawaye. "Safe da yamma nake ba shi. An ce yana ƙarfafa garkuwar jiki, daga Ingila ma ake kawo shi."

Wata mata ce ta sayar mata a zauren WhatsApp na matan unguwa. Kuɗin kwalbar ya isa a yi wa yaron gwaji, a sayi magani, har a dawo da canji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yarinyar nan ta yi karatu mai zurfi. Da a ce jiƙon sassaƙe wata tsohuwa ta miƙo mata, da ta yamutsa fuska. Amma da yake kwalba ce mai rubutun Turanci, ko tambaya ba ta yi ba.

Ruwan eldaberi ne a kwalbar. Eldaberi ba itacen ƙasarmu ba ne, kuma ba ɗinya ba ce kamar yadda na ji wata tana faɗa. Ɗan madaidaicin itace ne da ke fitowa a Turai, yana da ɗan'uwa a Arewacin Amurka. Yana fitar da fararen furanni a watan Mayu da Yuni, 'ya'yansa ƙanana baƙaƙe su nuna cunkus-cunkus wajen Agusta zuwa Satumba. Mutanen Jamus da Ostiriya da Ingila sun daɗe suna dafa shi su sha in sanyi ya shigo da mura, kamar dai yadda mu ma muke neman citta da kanumfari lokacin hunturu.

Ba na cewa ba shi da amfani. Yana da harza mai taimaka wa hanji, yana da bitamin C kusan miligiram 36 a kowane giram 100. Sai dai kafin wani ya yi tsalle, gwaibar da ake tallarta a faranti tana da fiye da miligiram 200 a wannan ma'aunin, lemon zaƙi ma ya fi shi. Sinadarin da ke ba shi launin nan mai duhu, wanda 'yan talla ke kururutawa, danginsa ne ke sa zoɓo ya yi ja.

Mura ce kaɗai inda masu bincike suka ɗan samu abin faɗa, nan ɗin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A Norwe an gwada ruwan a kan mutum 60 masu mura mai tsanani, sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna waɗanda suka sha sun riga sauran samun sauƙi da kusan kwana huɗu. A Ostireliya, a 2016, an bi matafiya jirgin sama 312, aka ga bai hana kamuwa da mura yadda za a kafa hujja ba, amma ya rage kwanakinta da zafinta. To sai ga likitocin Kilibland ta Amurka a 2020, sun gwada shi a kan mutum 87 manya da yara, suka ce ba su ga wani bambanci ba. Iyakar labarin ke nan: wataƙila ya rage wa mai mura kwana, wataƙila kuma a'a. A 2020 ɗin ne ma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa wasu kamfanoni takardun gargaɗi saboda iƙirarin cewa yana maganin korona.

Akwai kuma abin da mai talla ba za ta gaya miki ba. Ɗanyen eldaberi, musamman ganyensa da reshensa da wanda bai nuna ba, yana ɗauke da gubar da ke sakin sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Dahuwa ce ke kashe ta. A watan Agustan 1983, a jihar Kalifoniya, wasu mutane sun matse ɗanyun 'ya'yan har da ganye suka sha, amai ya turnuƙe su, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗebi mutum takwas zuwa asibiti. Don haka mai sayen busassun 'ya'yan a intanet ta jiƙa a ruwan sanyi kamar tsamiya, ta san da me take wasa.

Yanzu mu dawo kan zazzaɓi, wanda shi ne ainihin damuwata. Baturen da ke ba ɗansa cokalin eldaberi a Landan ba ya fargabar maleriya, don babu ita a garinsa. Mu kuwa Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya. Yaron da jikinsa ya yi zafi a Kano ko Maraɗi cikin damina, wa ya gaya miki mura ce? Ƙwayar maleriya cikin jini take, tana farfasa jajayen ƙwayoyinsa, kuma a jikin ƙaramin yaro tana iya rikiɗewa ta zama mai kisa cikin kwana guda. Babu cokalin ruwan itacen da zai taɓa ta. Duk awar da kika ɓata kina jiran "garkuwar jiki" ta tashi, jinin ɗanki ne ke ƙonewa.

Gwajin maleriya fa ba wani tashin hankali ba ne. A tsaki yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan faifai, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Akwai shi a asibitin sha-ka-tafi da kemis da yawa. A yi shi a ranar da zazzaɓi ya fara, ba a bari sai gobe ba. In ya nuna maleriya, a ba da maganin ACT kwana uku cif, kada a tsaya don yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. In bai nuna ba amma zafin ya ƙi sauka, a koma wajen likita, domin ciwon huhu da taifot da sanƙarau duk da zazzaɓi suke sallama. Yaron da ya ƙi nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko numfashinsa ke fizga, ko ya fara jijjiga, wannan kam asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Iyaye maza ma ba ku tsira ba. Kai da ka ba da kuɗin kwalbar, ka taɓa tambayar ko an yi gwaji?

Wanda ya ga yana da hali ya sayi ruwan eldaberi don murar kansa, shi ya sani. Ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya kuma tuna lambar ba ta nufin abin yana warkar da duk cutar da mai talla ta lissafo. Mai ciwon suga ya lura, yawancin ruwan nan cike yake da sukari. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin danne garkuwar jiki su tambayi likita tukuna. Wanda aka haɗa da zuma kuwa, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

An sallamo yaron bayan kwana shida. Ranar da na je yi musu barka, na tarar da kwalbar a kan firji, saura rabi. Uwar ta ce tana jin asarar zubar da ita. Na sa ta a aljihu na taho da ita.