Edita da Tsohon Kaset

Duk mai kallon tsofaffin fina-finan Hausa a YouTube ya taɓa ganin wannan: jaruma na tsaye, hoto lafiya lau, amma da ta ɗaga hannu ko ta juya cikin rawa sai gefen jikinta ya tsattsage kamar haƙoran mataji. Masu kallo su ce ai kaset ne ya tsufa. Sau da yawa kaset ba shi da laifi, mai juye shi ne bai san kan aikin ba. Gyaran wannan matsala yana hannun edita, mai tace hoto, wanda sunansa ke wucewa a ƙarshen fim bayan kowa ya tashi.

Talabijin ta da ba ta zana hoto a tashi ɗaya. A tsarin PAL da Najeriya ke bi, layuka 576 ake gani, akwatin kuma yakan zana na 1 da na 3 da na 5 har ƙasa, sannan ya koma ya cike na 2 da na 4 da na 6. Rabin hoto 50 ke nan a daƙiƙa, daidai da bugun wutar lantarkinmu. Dabara ce ta shekarun 1930, don motsi ya tafi sumul ba tare da an cika tashar watsawa ba. Editoci na ce mata intalas. Rabin farko da na biyu ba a lokaci ɗaya kyamara ta ɗauke su ba, hannun jarumar ya ɗan gusa a tsakani. Waya da kwamfuta kuwa cikakken hoto suke nunawa gaba ɗaya, wato furogiresib, sai su haɗa lokuta biyu a firam guda, haƙora su fito.

Tun daga Turmin Danya na 1990 da aka ɗauka a kaset ɗin VHS har zamanin MiniDV, yawancin abin da Kannywood ta tara hoton intalas ne.

Gwanin edita ba ya gaggawar taɓa komai. Yakan nemi wurin da ake gudu ko rawa, ya bi shi firam bayan firam. Akwai kyamarorin da ke ɗaukar cikakken hoto 25 a daƙiƙa su ajiye shi da sunan intalas. Irin wannan in ka ce za ka warware shi, wato ka cire masa haƙora, dusashe shi kawai za ka yi. Sai kuma ya tantance wane rabi ke gaba. A kaset ɗin DV rabin ƙasa (layi na 2 da na 4 da na 6) ne ke farawa, a tsarin 1080i na sama. In aka juya su, mutum yana tafiya kamar ana fizgo shi baya, kuma allon kwamfuta yakan ɓoye aibin sai aiki ya hau iska. Shi ya sa editan da ya san ciwon kansa ba ya jefar da tsohuwar talabijin mai doro.

Wurin warwarewar ne ake gane mai haƙuri. Hanya mafi sauri ita ce a zubar da rabi ɗaya, layuka 576 su koma 288, zanen hula da adon lalle su narke. Wata hanyar a cakuɗa rabin biyu, haƙora su ɓace amma kowane motsi ya bar inuwa a bayansa. Yadif da Bwdif na cikin manhajar FFmpeg sun fi hankali: inda babu motsi su bar layukan yadda suke, inda ake motsi su ƙirƙiro abin da ya ɓace. A ganina wani mai suna QTGMC ya fi su duka, musamman in aka bar shi ya fitar da cikakken hoto 50 a daƙiƙa, rawa ta fito yadda aka taka ta. Sai dai yana cin lokaci, lokaci kuma a Kano man janareta ne, furodusa na tsaye yana cewa, "Malam, yau nake son a ɗora shi."

Akwai ƙa'idar da ba ta da sassauci: a warware kafin a ƙara girman hoto. Wanda ya ja 576 zuwa 1080 da haƙoran a ciki ya gasa su a jikin fim, babu manhajar da za ta cire su tsaf. Haka nan cika wa hoto kaifi na ƙarya, farin zobe kawai yake sa wa fuska.

Furodusoshin da ke da kaset a kwali, ku sa a juye shi yadda yake, da rabinsa biyu cif, a adana wannan kwafin ba a taɓa shi ba. Daga jikinsa za a riƙa fitar da na YouTube. Ku kuma biya edita kuɗin kwanakin da aikin zai ci, domin kaset yana lalacewa a ajiye, na'urorin karanta shi kuma an daina ƙera su.