Neman Ɗakin Haya a Kura da Bunkure

A Kura ko Bunkure, labarin ɗakin haya a bakin mutane ake samunsa: mai shayi, shugaban 'yan dako, ko dillalin da ke zaune a inuwar tasha. Kafin a taɓa zancen kuɗi sai an tambaye ka, "Malam, daga ina? Kana da iyali? Wa ya san ka a garin nan?" Gwauro ya fi shan wuya, domin yawancin gidajen na gado ne, da matan aure a ciki. Rabonsa shago a ƙofar gida ko ɗakin cikin soro. Magidanci kuwa ciki da falo yake nema, ko sashe guda mai banɗakinsa.

Ruwa ne ya kawo baƙin. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kanal ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura, noma ya daina jiran damina. Saboda haka a nan da rani ake rububin ɗaki. Idan tumatir ya nuna, kasuwar Kwanar Gafan ta cika da fatake daga Kudu, ga direbobi, ga 'yan ci-rani, ga masu aiki a injinan casar shinkafa na Kura. Da yawansu ba sa son biyan shekara. Samari huɗu ko biyar za su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya na 'yan watanni. Mai gida ya san haka, shi ya sa malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da aka turo a tsakiyar kakar ke tarar da farashi ya ɗaga.

Duk da haka haya a nan ba ta kai ta Zoo Road ko Na'ibawa a birnin Kano ba. Gidan bulo a bakin titin Kano zuwa Zariya ya fi tsada, na ƙasa a cikin lungu ya fi sauƙi. Kuɗin shekara ake bayarwa a dunƙule, sannan ga la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100. Ga mai mafi ƙarancin albashin Jihar Kano, naira 71,000, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mai zuwa aiki kullum daga birni ya ga kuɗin mota na cinye albashin, har zama a Kura ya fi masa riba.

Sai dai arha tana da nata haraji. Ƙasar da ta sha ban-ruwa shekara da shekaru ruwanta a kusa yake. Ka duƙa ka dubi gindin bango: in ka ga farin gishiri ya feso, siminti na ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, to da Agusta katifarka ma sai ta jiƙe. Gidan da ke daf da fadamar shinkafa sauro ne abokin kwana, na kusa da injin casa kuma ƙaiƙayi har cikin tuwo. Dillali ba zai faɗa maka ba, maƙwabta ake tambaya.

In ciniki ya faɗa, a rubuta takarda gaban shaidu, da sanin mai unguwa, a fayyace wanda zai yi yaɓe da kwashe masai, da wa'adin da za a ba ka idan ɗan mai gida ya tashi aure ana son ɗakin.