Yarinyar Tama Tana Buƙatar Littafin da Ya Yi Kama da Ita

Labari ya fi wa'azi saurin zama a kan yaro, don haka ya kamata mu duba irin labaran da yaran Tama, a gundumar Buza, suke tashi da su. A tatsuniya, Gizo ne mai fita da dabara, Ƙoƙi kuwa yawanci tana gida tana jiran abin da zai jawo musu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, namiji ne ya zaga duniya. Littafi ne mai daɗi ƙwarai, amma yarinyar da ba ta taɓa cin karo da irinta a matsayin jaruma ba za ta ɗauka wayo da tafiya gadon maza ne. Balaraba Ramat Yakubu ta taɓo wannan ciwo a 1990 cikin Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, sai dai ba don 'yan shekara goma ta rubuta shi ba.

Wani zai ce mai da yarinya jarumar labari baƙon tunani ne da ake son cusa wa 'ya'yanmu daga Turai. To, a tambayi mutanen Keita. Da aka soma aikin farfaɗo da ƙasarsu a 1984, cikin tsananin fari, maza da yawa sun tafi cin rani, mata ne suka fi yawa a wurin ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan tare ruwa da dashen itace. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tari sojan Faransa a 1899, Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka su karantar da mata tun ƙarni na 19. Marubucin da ya sa yarinya mai ƙarfin zuciya a labari bai aro komai ba, kakanninta kawai ya nuna mata.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tarbiyya: a ce a labari yaro da yarinya abokai ne? Amma ai taubasai suna wasa a gaban iyaye, yara kuma suna haɗuwa a rijiya da wurin kiwo da makarantar allo. Labarin da aka gina a kan wannan, cikin kunya da ladabi, har yaron zai amfana, shi da aka ce masa namiji ba ya kuka, ba ya shiga madafa, alhali ranar da ya sauka Abijan ko Kano shi zai ɗora wa kansa tukunya.

Babban cikas a ganina harshe ne. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a 1980 da Faransanci, Boubou Hama ma da shi ya yi wa yara littattafai. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, ga shi kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Malaman Madawa da Buza da Keita sun san yaran, sun san maganarsu, su ne suka fi cancanta su rubuta musu.