Rufe Gidan Mari Kaɗai Ba Zai Ceci Yaranmu Ba

A ƙarshen Satumbar 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, manya da yara ƙanana, wasu da mari a ƙafa, gadon bayansu duk shatin bulala. Kafin Oktoba ta fita an bankaɗo irin wannan a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe gidajen mari na jihar. Abin da aka fi saurin mantawa shi ne, yawancin yaran nan ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Duk shirin kare yara da bai tambayi abin da ya kai iyaye ga haka ba, ba zai yi nisa ba.

Mu ɗauki wani uba a Rijiyar Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, inda gonaki ke ta komawa fulotai. Ɗansa mai shekara 15 ya daina barci, yana surutu shi kaɗai, yana fasa kwanuka, har ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba shi da nisa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da wannan sashe. Amma uban ya san idan aka ce an kai ɗansa Dawanau, gorin zai bi ƙannen yaron mata har ranar da za a zo neman aurensu. Ga kuɗin mota da na magani, ga layi, domin likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba. Mai gidan mari kuwa yau zai karɓi yaron, ya kira lalurar da sunan da ba ya kunyata gida: kangara ce, ko aljanu. Wannan uba ba mugu ba ne, dabara ce ta ƙare masa.

Illar ita ce mari ba ya tantance kowa. Ɗaki ɗaya ake zuba mai rashin ji, da wanda kodin ko tiramol suka kama, da mai taɓin hankali, da mai farfaɗiya da ƙwayar magani mai araha za ta iya tsayar masa da faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin yaro ya wuce shekara 14, wato daidai lokacin da magani ya fi saurin aiki. A wannan lokaci ne ake maƙala masa ƙarfe a idon sawu, tsatsa ta ci fata ta zama gyambo, yunwa da duka su ƙara dagula masa tunani. Mafi muni, yaron da aka riga aka kira mahaukaci ba a yarda da maganarsa, ko da lalata da shi ake yi. Ba malamai kaɗai ke da wannan laifi ba: rahoton Human Rights Watch na Nuwambar 2019 ya sami ɗaurarru har a cibiyoyin gwamnati da coci-coci.

Wani zai ce ai yanzu akwai doka. Gaskiya ne, a Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Buhari kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, a shekarar kuma Kano ta sami dokar kare yara. Sai dai doka ba ta kwantar da yaron da ya birkice da tsakar dare. A Agustan 2020, bayan an rufe gidajen, aka ceto wani matashi da iyayensa suka kulle shekara da shekaru a garejin gida a Kano, aka kuma kwance wani yaro da aka ɗaure a turke tare da dabbobi a Birnin Kebbi. Idan aka rufe gidan mari ba a buɗe wata ƙofa ba, marin yakan koma cikin gida, inda babu idon da ke gani.

Wani kuma zai ce ana so a raba mutane da addu'a. Sam. Ruƙiyya da tofi ba sa buƙatar sarƙa, kuma ba sa hana shan magani. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa inda ma'aikacin lafiya ke ziyartar wurin mai magani yana ba da ƙwaya, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Malamin da jama'a suka amince da shi zai iya zama mai tura yaro asibiti da wuri, muddin an ja shi a jiki.

Abin da Rijiyar Zaki da makamantanta ke buƙata ba ya jiran sai likitoci sun wadata. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka, su fara magani, su tura mai tsanani gaba. A horar da na asibitin sha-ka-tafi, a ajiye maganin a can, uwa ta karɓa a layin da take karɓar na zazzaɓi, ba mai nuna ta. Yaron da ya zama haɗari a riƙe shi na ɗan lokaci ƙarƙashin kulawar likita. Duk wurin da yaran mutane ke kwana kuwa, na malam ne ko na gwamnati, a yi masa rajista, mai unguwa da jami'in jin daɗin jama'a su riƙa faɗowa ba sanarwa, su keɓe da kowane yaro ba a gaban mai gidan ba, su duba ƙafafunsa da bayansa, su rubuta abin da ya faɗa.