Fatalwa a Ɗakin Atisaye: Labaran Tsoro Kan Horar da Taurarin Waƙa

Kamfanonin nishaɗi na Koriya ta Kudu kan ɗauki yara tun suna 'yan shekara goma sha, su yi shekaru suna koya musu waƙa da rawa, sannan su fitar da 'yan ƙalilan a matsayin taurari. Daga wannan tsari ne wani reshe na labaran tsoro ya tsiro, a fim da kuma littafi.

Babban dalilin bunƙasarsa shi ne marubuci ba ya buƙatar ƙirƙirar abu mai yawa. Ana yi wa masu koyo gwaji wata-wata, ana ɗora su kan sikeli, ana ƙayyade musu abinci, wasu har a ba su shawarar tiyatar gyaran fuska, sana'ar da unguwar Gangnam ta birnin Seoul ta yi suna a kanta. Yarinyar da mai koyo take kwana ɗaki ɗaya da ita, ita ce kuma wadda za ta iya ƙwace mata gurbi. Kishi da yunwa da rashin barci sun riga sun haɗu. Fatalwa kawai ta rage.

Fim ɗin White na 2011 misali ne ƙarara. Wata ƙungiyar 'yan mata da tauraronta ya ƙi haskawa ta tsinci tsohon kaset na wata waƙa, ta rera ta, ta yi tashe, amma duk wadda aka ba jagorancin waƙar sai bala'i ya auka mata. Tun 1997 Satoshi Kon na Japan ya nuna rikicewar hankalin wata mawaƙiya a fim ɗin Perfect Blue. Fim ɗin Beauty Water na 2020 kuwa ya karkata ga jiki, da wani ruwa mai sa a murza nama kamar yumɓu. Salon ya kai ga matasan Yamma ta littafin Linda Cheng, Gorgeous Gruesome Faces, na 2023.

Tasirinsa ya rabu biyu. Labaran sun sa masu sauraro tambayar abin da ke bayan murmushin dandamali, musamman bayan mutuwar mawaƙa Sulli da Goo Hara a 2019. Sai dai da yawansu na ɗora laifin kan hassadar 'yan mata, su bar kamfanin da ya tsara gasar a gefe, kuma kyawawan fuskokin da suke suka su ne dai ke sayar da fim ɗin.

Gyaran da aka samu a tsarin kamfanonin ta hannun hukuma da kotu ya zo. A 2009 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta taƙaita kwantiragin mawaƙa zuwa shekara 7, kuma a 2020 kotu ta ɗaure furodusan shirin gasar mawaƙa na Produce 101, Ahn Joon-young, shekara 2 saboda maguɗin ƙuri'un masu kallo.