Yadda Ake Zaɓar Wa Ɗan Koyo Gogen Turawa Mai Sauƙin Kuɗi

Iyaye a Gorton, gabashin Manchester, sukan rikice idan yaro ya dawo daga makaranta ya ce zai koyi goge. Gogenmu, irin na Garba Liyo, tsirkiya ɗaya gare shi, ta izgar doki, a kan ƙwarya mai rufin fatar guza. Na Turawa katako ne, tsirkiyarsa huɗu.

A fara duba girma: akwai 1/4, 1/2, 3/4 da 4/4 na manya. Yaro ya sa gogen ƙarƙashin haɓa, ya miƙa hannun hagu. In tafinsa ya rufe kan gogen, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ya yi daidai. Kada a sayi babba wai don zai girma, kafaɗarsa ce za ta sha wuya.

Mai arha na intanet yakan zo da turakun ɗaure tsirkiya masu sulɓewa, sauti ya ƙi zama, yaro ya karaya. Gara gogen kamfanin Stentor na hannu, ko haya. A tambayi malamin yaron, ko a leƙa kantin Forsyth da ke Deansgate a gwada. A haɗa da ƙaro na shafa wa izgar abin gogawa, don in babu shi goge ba ya magana.