Yadda Jihar Manoma Ta Dakota Ta Kudu Ke Cin Moriyar Matafiya

Jihar Dakota ta Kudu da ke tsakiyar ƙasar Amurka ba ta da gaɓar teku, ba ta kuma da wani katafaren birni da zai ja hankalin baƙo. Galibinta shimfiɗaɗɗen fili ne na ciyawa da gonakin masara da waken soya da alkama, faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 200,000, amma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa mutanenta ba su kai 900,000 ba, har ma shanun jihar sun ninka jama'arta wajen sau huɗu. Duk da haka, yawon buɗe ido na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin jihar bayan noma da kiwo, kuma miliyoyin baƙi ne ke ziyartarta a kowace shekara.

Abin da ya kawo wannan nasara shi ne yadda hukuma da 'yan kasuwar jihar suka daɗe da fahimtar cewa matafiya iri-iri ne, kowanne da abin da zai sa ya ratse daga kan babbar hanya ya buɗe aljihunsa.

Rukuni mafi girma shi ne na iyalai masu tafiya hutu a cikin motocinsu, waɗanda akasari Dutsen Rushmore ke kawo su. Wannan dutse tun asali don kasuwanci aka sassaƙa shi. A shekarar 1923 ne masanin tarihin jihar, Doane Robinson, ya kawo shawarar a sassaƙa manyan siffofi a tsaunukan Black Hills domin jawo baƙi. Masassaƙi Gutzon Borglum ya fara aikin a 1927, aka kuma dakatar da shi a 1941, bayan ma'aikata kimanin 400 sun fito da fuskokin shugabannin ƙasar huɗu, wato Washington da Jefferson da Theodore Roosevelt da Lincoln, kowace fuska tsayin mita 18. An kashe kuɗin da bai cika dala miliyan ɗaya ba, ga shi yanzu fiye da mutum miliyan biyu ke zuwa wurin a shekara, abin da ya raya otal-otal da gidajen abinci a garuruwan Keystone da Rapid City.

Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa zai fi samun darasi a labarin kantin Wall Drug. A 1931 wani mai sayar da magani, Ted Hustead, da matarsa Dorothy suka sayi ɗan kanti a ƙauyen Wall, a daidai lokacin da fari da karyewar tattalin arziki suka durƙusar da manoma. Shekara biyar suka yi ciniki na tafiyar hawainiya, alhali motocin matafiya na wucewa ta kusa da su dare da rana. A 1936 matar ta ba da shawarar su kafa alluna a bakin hanya masu shelar ruwan ƙanƙara kyauta. Masu ƙishirwa suka soma tsayawa, wanda ya sha ruwa kuma yakan sayi wani abu kafin ya tashi. A yau kantin ya zama wata kasuwa mai zaman kanta a garin da mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba, allunansa sun cika babbar hanya mai lamba 90, kuma har yanzu ruwan kyauta ne.

Masu sha'awar namun daji da sararin Allah su ma an tanadar musu nasu. Akwai gandun Badlands mai kwazazzabai da tsaunuka masu launi-launi, wanda ya zama gandun ƙasa a 1978, sai kuma gandun Custer mallakar jiha, inda ake kiwon garken ɓaunar Amurka fiye da dubu ɗaya. A ƙarshen watan Satumba mahaya dawaki kan koro garken zuwa shinge domin ƙidaya da allurar rigakafi, dubban 'yan kallo kuma kan hallara tun da asuba. Daga baya a yi gwanjon rarar dabbobin, kuɗin ya koma wajen kula da gandayen jihar. Ta haka aikin kiwo na yau da kullum ya zama biki mai kawo riba ta fuska biyu.

Bugu da ƙari, akwai mahaya babura. Gangamin da aka fara a garin Sturgis a 1938 ya bunƙasa ta yadda a kowane watan Agusta ɗaruruwan dubban mutane ke kwarara zuwa wannan gari mai mazauna kimanin 7,000. A 2015, lokacin gangami na 75, an ƙiyasta mahalarta sun haura 700,000. A kwanakin nan masu gidaje kan ba da hayar ɗakunansu, makiyaya su mai da filayensu sansanin kwana, masu shaguna kuma su ba da hayar rumfunansu ga 'yan tireda da suka zo daga wasu jihohi.

Manoman gabashin jihar ba a bar su a baya ba. Da zarar an kawar da amfanin gona, a ranar Asabar ta uku ta watan Oktoba, sai a buɗe lokacin farautar wani tsuntsu mai dogon bindi, dangin fakara, da Turawa ke kira pheasant. Mafarauta kan zo daga jihohi masu nisa, su yanki lasisi daga hukuma, su biya manomi kuɗin shiga gonarsa da na masauki da na ja-gora. A garin Mitchell kuma tun 1892 ake ƙawata bangon wani babban zaure da zangarniyar masara mai launi daban-daban, wanda ake kira Fadar Masara. Masu son tarihi kan nufi Deadwood, garin masu haƙar zinari na 1876, inda aka halatta caca a 1989 aka kuma ware wani kaso na harajinta don gyaran tsofaffin gine-gine.

Ita gwamnatin jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, don haka ta dogara ƙwarai ga harajin saye da sayarwa, wanda baƙi ke biyan wani ɓangare nasa. Har ila yau ta ɗora harajin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari a kan masauƙai da hayar motoci da wuraren shaƙatawa, wanda da shi ake tallata jihar.

Sai dai harkar na da nata ƙalubalen. Sanyin hunturu na da tsanani, galibin ciniki daga Yuni zuwa Satumba ake yinsa, saboda haka wurare da dama kan rufe na tsawon watanni, kuma wanda bai yi ajiya ba lokacin kasuwa yakan shiga halin ni-'yasu. Ƙarancin jama'a kuma na tilasta wa masu otal ɗauko ma'aikatan wucin gadi daga ƙasashen waje.

Babbar matsalar kuwa ita ce ta mallakar ƙasa. Yarjejeniyar 1868 ta bar wa al'ummar Lakota tsaunukan Black Hills, amma gwamnati ta ƙwace su bayan an gano zinari. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da diyyar fiye da dala miliyan 100, amma har yau al'ummar ta ƙi karɓa, tana mai cewa ƙasarta take so. A kusa da Rushmore ana ci gaba da sassaƙa siffar jagoransu Crazy Horse, aikin da aka fara a 1948 kuma ake gudanar da shi da kuɗin shiga na baƙi da gudummawa. Duk da haka, yankunan da aka keɓe wa 'yan asalin, irin su Pine Ridge, suna cikin mafiya talauci a Amurka, kuma kaɗan ne daga dukiyar da matafiya ke kawowa ke isa gare su.